Bindigar da Ke Tokare Taga

Kawuna tela ne, mutum ne da ko kaza ba ya iya kora sai ya ba ta haƙuri. Tun da ya auri Inna bai taɓa matsar da kujera a gidansa ba tare da ya tambaye ta ba. Ita ke zaɓar rigar da zai sa, ita ke cewa ya ƙoshi.

A ɗakin ajiya akwai tsohuwar bindigar mahaifin Inna, duk ta yi tsatsa, da ita take tokare taga. Ranar da 'yan sanda suka shigo neman wani ɓarawo da ya haura katanga, suka gan ta. Suka ce waye mai gidan? Kawu, da bai taɓa jin an yi wannan tambaya ana kallonsa ba, ya gyara tsayuwa ya ce shi ne. Shi ke nan, aka yanke masa shekara biyar kan mallakar bindiga ba lasisi, wai doka ba ta yarda a yi ƙasa da haka ba. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Muka ɗaukaka ƙara. Lauyarmu ta ce kotun farko ta yi kuskure: zama mai gida ba shi ne mallaka ba, sai an nuna yana da iko da abin. Ta samu izinin kawo shaidu, ta ce wa Kawu, "Baba, sai dai ka jure kunya."

Ai kuwa ya sha ta. Maƙwabci ya rantse ya taɓa zuwa aron tsani, Kawu ya ce a jira Inna ta dawo daga kasuwa. Mai gyaran famfo ya ce Kawu bai ma san ɗakin ajiyar na da taga ba. Alƙali ɗaya ya rufe baki da hannu. Kawu dai kansa na ƙasa.

Sai Inna ta miƙe ta ce bindigar tata ce, gadonta ce. Lauyan gwamnati ya tambaye ta, "Kin san shekara biyar ɗin za ta iya dawowa kanki?"

"Na sani," in ji ta. "Shi sanyi ke kama masa ƙirji, ni kuwa lafiyata ƙalau."

Nan Kawu ya zabura. "Ya mai shari'a, ƙarya take. Tawa ce. A gidana ni ke faɗa a ji."

Kotu ta ɗauki dariya, har ɗan sandan da ke tsaronsa. Ba wanda ya yarda, aka soke hukuncin. Maganar Inna kuwa, da gwanin makamai ya duba bindigar ya ce ƙarfen ya daɗe da mutuwa, sai aka bar ta.

A bakin ƙofar kotu Inna ta kama hannun rigarsa, hawaye na zuba, ta ƙi saki.

"Malam," ta ce, "wa ya ba ka izinin magana?"