Fatar Cinya a Bayan Hannu

Shekarar da na ce zan nuna wa matata yadda ake juya ƙosai, kaskon mai ya kife mini a hannu. Likita a Dutse ya duba ƙunar, ya ce ba za ta rufe da kanta ba, sai an yi dashen fata. Ya yanko 'yar siririya daga cinyata, ya huhhuda ta kamar rariya don ta miƙe, ya shimfiɗa ta a bayan hannuna. Cikin ikon Allah ta kama.

Ina kwance a gadon asibiti wani tunani ya hana ni sukuni. Ana sallamo ni na zarce Limawa wurin kawuna, malamin makarantar allo, hannuna a ɓoye cikin riga.

Na ce, "Allah gafarta Malam, cinya ai al'aura ce. Yanzu da ta koma hannu, sai na riƙa rufe ta in zan yi salla?"

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Tafi ka yi sallarka, hannu dai hannu ne."

Na roƙe shi ya bar maganar tsakaninmu. Kafin la'asar, maganar har ta kai wurin danginmu na Kiyawa.