Ranin da Kuɗin Yaya Suka Maƙale a Waya

A gidanmu na Wurno ba a taɓa shiga da karta ba. Babanmu shi ne limamin masallacin unguwa, kamar yadda nasa uban ya riƙe kafin shi, kuma yayana, wanda nake bi, shi ke wucewa gaba ya ba da salla duk ranar da Baba ya yi tafiya ko ciwon ƙafarsa ya tashi. Yaya yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen gona. Ni kuma albasa nake nomawa a wata fadama da muka gada a wajen Goronyo, ƙasa da madatsar ruwa. Haɗa hannu muke yi: shi ya kawo taki da man injin ban-ruwa, ni in zauna a gonar.

A wani kwas da aka tura shi Sakkwato ya koyo wasan. Karta ce ta Turawa, foka suke ce mata, a waya ake yin ta da mutanen da ba ka gani. Ka zuba kuɗi daga banki, ka zauna a teburi, in ka ci a tara maka a cikin shafinsu na intanet har ranar da ka ga dama ka cire. A gona ya fara nuna mini, muna zaune ƙarƙashin mangwaro bayan la'asar. Ya ce ba sa'a ba ce kamar yadda mutane ke zato, haƙuri ne da sanin lokacin da za ka ajiye katinka ka bar wa wani. Ban yi masa gardama ba. Ban saba yi masa gardama a kan komai ba.

Kuma da gaske ya iya. Mutum ne marar garaje tun muna yara, fuskarsa ba ta nuna abin da ke ransa. Ya fi ci a kan a cinye shi. Da wuya ya cire wani abu, sai ɗan na cefane in wata ya yi nisa. Sauran yana barin su can, yana cewa in sun taru zai sayo mana babban inji, mu daina aron na maƙwabci, mu kuma ƙara fangali ta gefen rafi.

Ba shi kaɗai ba ne a yankinmu. Akwai abokinsa tun makarantar sakandare, ma'aikacin lafiya a wani ɗan asibiti a Tursa, cikin ƙasar Rabah. Akwai kuma wani masunci a bakin madatsa, wanda boko bai dame shi ba amma ya san kati kamar tafin hannunsa. Su da wasu da ban sani ba suna da gurup a waya inda suke hirarsu.

Wata safiya, lokacin ana shirin dashe, na je ɗaukarsa a mashin don nasa yana wajen gyara. Na same shi a zaure da rigar aiki, hula a gwiwa, yana kallon waya.

"Mi af faru, Yaya?"

"Sun rufe shi."

"Wa?"

"Gwamnati, anka ce."

Ya miƙo mini wayar. Teburan duk sun ɓace. Rubutu ne kawai da Turanci, yana cewa bisa umarnin hukuma an dakatar da wasa a ƙasar nan, amma kowa zai iya neman kuɗinsa. Ya riga ya nema tun da asuba. A ƙasan sunansa an rubuta cewa ana dubawa. Ya karɓi wayar, ya sa hula, muka tafi aiki. A hanya ya tuna mini in sayi igiya a kasuwa.

Kullum kalmar nan ce. Ana dubawa. Ya rubuta musu, wata na'ura ta amsa da cewa sun gode da haƙurinsa. Lambar da ke shafin ta ƙasar waje ce, in an kira sai kiɗa. A gurup kowa da abin da ya ji: wani ya ce an biya mutanen Legas, wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce kamfanin ya kwashe ya koma wani tsibiri.

Da abin ya tsaya nan, mai yiwuwa har yau babu wanda ya sani a gidanmu. Amma ƙarshen wata ya zo, abokan aikinsa suka ga alat na albashi, shi ma ya gani, ya je wajen mai cirar kuɗi a bakin tasha, katin ya ƙi. Da muka je banki a Sakkwato, wata ma'aikaciya ta duba kwamfuta, ta dube shi, ta rage murya. Ta ce an sa wa asusun takunkumi saboda kuɗin da suka taɓa shiga daga shafin nan, umarni ne daga sama, su ma ba su san ranar da za a ɗage ba. Kuɗi na iya shiga, ba sa fita. Yaya ya yi mata godiya har sau biyu, kamar wadda ta yi masa alheri.

Daga nan muka wuce ofishin wani lauya, ƙanen wani abokin aikinsa. Ɗaki ne ƙarami a saman bene, fanka tana juyawa ba iska. Ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce maganar gaskiya shi ma bai san inda dokar ta tsaya ba. Kamfanin yana da takardar izini daga wata ƙasa, ya kuma ce ya taɓa samun ta nan gida. Yanzu ana ta ja-in-ja a kan wa ke da hurumin irin wannan wasa, tarayya ko jiha. Abin da ya tabbata shi ne a jiharmu caca laifi ce. Sai ya ajiye biro ya dubi Yaya.

"Malam, in kac ce kotu za ka, mi za ka ce ma alƙali? Kuɗɗin caca nika biɗa? Kai da bakinka?"

Yaya ya tambaye shi ko za a iya zuwa a kama shi. Lauyan ya ce bai ji an kama kowa ba tukuna, amma ba zai ce ba za a yi ba. Shawararsa ita ce a yi shiru a jira. Bai karɓi ko sisi ba. Muka sauko, muka sayi ruwan leda, muka sha a tsaye. Na yi ta sauraren in ji tsoro ko fushi sun taso mini. Abin da na ji kawai shi ne zafin kujerar mashin da ta sha rana.

A cikin makon ne aka fara cewa kamfanin ya miƙa wa hukuma sunayen duk masu wasa, da lambobinsu. Ba wanda ya san mafarin zancen. Mutane suka yi ta ficewa daga gurup. Ranar kasuwar Rimawa muka haɗu da masuncin nan yana sayar da busasshen kifi. Ya ja mu gefe ya ce shi ya gama da tasa matsalar, ya cire layin wayarsa ya jefa tsakiyar ruwa, in suna so su bi shi can. Yaya ya tambaye shi, to in an fara biya, ta ina za a turo masa lambar sirrin shiga shafin? Mutumin ya tsaya da kifi a hannu. Can sai ya yi wata 'yar dariya, ya ce bai yi wannan tunanin ba. Ya ƙulle mana kifi a takarda, ya ƙi karɓar kuɗi, ya koma wajen tirensa ya zauna.

Abokin Yaya na Tursa kuwa wani ne ya kira shi, da Hausa mai kyau, ya ce shi wakilin kamfani ne, ana fitar wa mutane kuɗinsu ta bayan fage in sun biya harajin da gwamnati ta ɗora. Ya san sunansa, ya san ma abin da ke cikin asusunsa. Sai abokin ya sayar da ragunan da yake kiwo ya tura masa kuɗin. Da muka je duba shi mun same shi a barandar asibiti yana auna nauyin jarirai, uwaye sun yi layi. Ya gaya mana yadda aka yi yana rubutu a kati, bai ɗago ba. Ya ce lambar ta daina shiga tun ranar. Sannan ya kira mace ta gaba.

A gida abin ya fara bayyana ta wajen tukunya. Yaya shi ke sayo wa Baba maganin ƙafa, shi ke ƙaro shinkafa da mai. Wannan watan ni na yi, da ɗan abin da na ajiye na leburori. Inna ta lura, ta tambayi matar Yaya, ita kuma ta ce ba a biya su ba ne. Amma 'yan sakatariya da yawa a unguwarmu suke, kowa ya san an biya. Kafin zancen ya zagayo ta bakin wani, Yaya ya ce in raka shi wajen Baba.

Da hantsi ne, ɗaliban Baba sun tashi. Baba yana zaure a kan buzu, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Muka durƙusa. Yaya ya faɗi komai a jere, ba ƙari ba ragi, da muryar da yake karanta rahoto a ofis. Na zaci Baba zai jawo aya ko ya ɗaga murya. Ya daɗe yana kallon bakin ƙofa.

"Mutanen da kac ci kuɗɗinsu, ka san su?"

"Ban san su ba, Baba."

"Ko guda?"

"Ko guda."

Ya juyo gare ni ya tambaya ko na sani tun farko. Na ce na sani. Ya gyaɗa kai, ya ce mu tashi mu tafi.

Bai sake tayar da maganar ba. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta matsa masa, ya kasa tsayuwa. Da azahar aka kawo shi masallaci, ya zauna a kujera a ƙarshen sahun farko. Ladan ya tayar da iƙama, mutane suka buɗa wa Yaya hanya kamar kullum. Har Yaya ya ɗaga ƙafa. Baba ya ɗaga hannu, ya nuna ni.

Ban taɓa ba da salla a masallacin nan ba. Na wuce gaba don babu yadda zan yi. Na ji Yaya ya tsaya daidai bayana, na san numfashinsa. Na yi kabbara, ya yi tare da jama'a. Ban tuna surar da na karanta ba. Da aka sallame mutane suka fita ba mai kallon wani, Yaya ya tsaya ya yi nafilarsa, ya ɗauki takalmansa da na Baba, ya ajiye masa su a gaban kujera. A hanyar gida ya ce mini na yi saurin ruku'u, in riƙa jinkirtawa saboda tsofaffi.

Haka ranin ya tafi. Ba mu ƙara fangali ba, wanda muke da shi ma rabi muka dasa, don takin bai kai ba. Babu wanda ya zo kama kowa. Babu kuma wanda ya ce an yafe. In baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar sakatariya, Yaya yakan ajiye abin da yake yi ya jira a kira shi, in ba a kira ba ya ci gaba. Yana ci, yana barci, yana zuwa aiki. Ya daina wasa da 'ya'yansa, amma bai taɓa yi musu tsawa ba. Matarsa ta ce mini da ma faɗa yake yi, da ta san abin da za ta ce masa.

Gab da damina banki ya saki asusun, ba bayani, kamar yadda aka rufe shi ba bayani. Albashin watannin duka yana ciki. Ya biya bashin mai shago, ya sayo wa Baba magani, ya karɓo mashin ɗinsa. Ba da jimawa ba ya nemi a ba shi aron aiki a wani shirin noma a Rabah, aka ba shi. Ya kama haya can, ya kwashe iyalinsa. Yana zuwa gida ranar Juma'a, ya gaida Baba, su yi hirar ruwa da farashin gero. In lokacin salla ya yi yakan tsaya a sahu na biyu. Ni nake ba da salla har yau in Baba bai fito ba, kuma har yau ban ji wurin ya zama nawa ba.

Da rani ya zagayo, wata Asabar ya zo taya ni dashe. Muna cikin laka har idon sawu wayarsa ta yi ƙara. Ya goge hannu a wando ya duba, ya daɗe yana karantawa, sannan ya miƙo mini. Saƙo ne daga shafin, na farko a cikin shekara. An ce an cimma matsaya da hukuma, duk mai son kuɗinsa ya aika hoton katin ɗan ƙasa, da adireshin gida, da sa hannu cewa shi ne ya yi wasan, kuma za a bi da takardun ta wani ofishin gwamnati kafin a biya. Ba a faɗi abin da ofishin zai yi da su ba. Ba mu ma san ko saƙon na gaskiya ne ba, ko irin wanda ya cinye ragunan mutumin Tursa.

Na tambaye shi ko zai aika.

Ya karɓi wayar ya sa a aljihu, ya ɗauki damin irin albasa, ya sunkuya. Sai da ya dasa layi guda har ƙarshe kafin ya yi magana, kuma ba a kan saƙon ba.

"Janye mesag ga," ya ce. "Fangalin ga ya cika."

Na janye mesar ban-ruwan zuwa fangali na gaba. Muka yi ta dashe har rana ta yi sanyi, sannan ya wanke ƙafafunsa a bakin rafi, ya hau mashin ya koma Rabah.