Faifan da Baba ya sayar ya sayo mana gero

Jiya ina ɗora allura a kan faifan, busar ƙaho ta tashi a zauren gidanmu, sai Baba ya ajiye carbinsa.

Kiɗan jaz ne na baƙaƙen Amurka, tsohon faifai da aka sake bugawa fes. Na sha nema kafin na samo masa. Irinsa ya saya lokacin yana aiki a masaƙa a Kano. Da aka rufe masaƙar muka dawo ƙauyenmu kusa da Makoda, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. A shekarar Baba ya kai garmahonsa da faya-fayansa kasuwar Bici, ya dawo mana da hatsi.

Kiɗan dai bai bar gidan ba. Da fito yake yi mana shi a gona, muka haddace har da inda yake tsallakewa, don nasa faifan ya karce a wurin.

Jiya da aka zo wurin, kiɗa ya wuce sumul. Baba ya ce, "Ashe abin da allura ta ɓoye min ke nan."

Na ce, "Baba, ba ka taɓa jin ciwon sayar da shi ba?"

Ya dube ni, ya dubi jikokinsa da suka cika ƙofa. Ya ce, "Ai ga shi an sake bugawa. Da ku na rasa a waccan shekarar, wa zai sake buga min ku?"

Ni dai da wannan uban nake tunƙaho.

Ku fa, me iyayenku suka rabu da shi don ku ci?