Kalangu a shagon sifika

Babana mahauci ne, kuma ko da ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida, bakinsa bai yi ritaya ba. Nama idan aka sayo sai ya juya shi, ya zagi wanda ya yanka. Amma a shekarun da aka yi ta rufe bodar Najeriya, shanu suka yi wuya a Garuwa, abokan sana'arsa suka watse, sai Baba ya yi shiru. Sai an tambaye shi yake magana. Shirun nan ya dame ni ƙwarai.

Abu ɗaya na san zai motsa shi, garmahonsa. Yana da faifan wani makaɗin kalangu da ya daɗe yana yi wa mahautan Garuwa kiɗa, kafin ya je Najeriya a ɗauke shi a faifai. A ciki akwai taken Baba, wato kiɗan da kalangu ke kiransa da shi, shi kaɗai. Garmahon lafiyarsa ƙalau, amplin da ke ƙara masa sauti ne wutar lantarkinmu mai zuwa da fushi ta ƙone tuntuni. Wani abokin aikina a kamfanin auduga ya ce in daina wahalar neman ampli, yanzu akwai sifika mai nata a ciki, jonawa kawai ake yi. Na ce ranar Asabar zan sayo.

"Ki sayo?" in ji Baba. "Ke da ba ki san taken mahauta da kiɗan biki ba? Da ni za a je."

Haka muka hau moto biyu, wato baburan haya, shi rungume da faifan cikin ɗankwalin Inna, ni da garmaho a cinya ina yi wa mai moton faɗa a kan kowane rami.

Mai shagon saurayi ne mai fara'a da surutu. Ya kai mu gaban wata sifika da ta kai min ƙugu, da fitilu masu canza launi.

"Papa, wannan ita ce puissance, ƙarfi ke nan! Ka kunna ta a nan, har bakin gada za a ji."

"Ba gada nake so ta ji ba, ɗana, ni nake so in ji. Sa min nawa."

Da aka jona, sai wani ɗan sauti kamar kukan sauro. Saurayin ya sosa ƙeya, ya tono wani ƙaramin akwati da ke ƙara wa allurar garmaho ƙarfi, ya haɗa. Wannan karon shagon har girgiza ya yi. Ni dai na ji daɗi, na fara gyaɗa kai. Baba ya yamutsa fuska.

"Kashe. Kalangu magana yake yi, ita kuma ta cika masa baki da tuwo."

Aka gwada wata, aka sake gwada wata. Duk masu gurnani ne, don su ake saya a garin nan, na biki da na mashaya. Zafin Garuwa ya taso, raina ya fara ɓaci, har na buɗe baki zan ce Baba ya cika tsirfa. Sai na ga ya fara naɗe faifan cikin ɗankwalin a hankali.

"A bari, 'yata. Ƙila ba laifinsu ba ne. Ƙila kunnena ne ya tafi."

Na san idan muka koma gida da wannan maganar, ba zai ƙara tambayar faifan ba har abada. Na waiga na hango wasu sifikoki ƙanana guda biyu na katako a lungu, mai shagon ya ɗora kofin shayinsa a kan ɗaya.

"Madam, waɗannan na ofis ne, ba su da bas, ba sa gurnani."

"Bas ɗin ne ya ishe mu. Sauke shayinka."

Ashe a bayansu ma akwai wurin jona garmaho kai tsaye. Allura ta sauka, aka ji ƙas-ƙas, sai kalangu ya fito siriri, tas, yana hawa yana sauka, har kana jin inda makaɗin ke matse tsarkiya a hammata. Baba ya karkato kai. Leɓɓansa suka fara motsi. Can sai ya miƙe tsaye ba sanda, ya ɗaga hannun dama.

"Ga ni! Ni ne na kwana da wuƙa na tashi da wuƙa! Bijimi ya gan ni ya durƙusa!"

Mai shagon ya yi tsalle yana tafi, masu wucewa suka cika ƙofa. Ni kuwa dariya nake yi hawaye na zuba, ban damu da kowa ba. Da Baba ya zauna yana haki sai ya dube ni ya ce, "An kira mutum, ai sai ya amsa."

Da muka saye su, ba mu wuce gida kai tsaye ba. Ya sa masu moto suka bi da mu ta layin masu nama, yana aika wa tsofaffin abokansa su zo bayan la'asar. Suka zo kuwa, wasu da sanda, wani jikansa ya goyo shi a keke. Shinkafar Inna ba ta isa ba, sai da ta ƙara ɗora tukunya tana mita tana murmushi. Suka zauna a tsakar gida kowa na jiran takensa, in ya zo ya tashi ya yi kirari, sauran su tsokane shi cewa muryar ta tsufa.

Da aka juya faifan, wani take ya shigo, ba wanda ya tashi. Na wan Baba ne, da ya rasu ina ƙarama. Makaɗin ya kira, ya sake kira. Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya amsa wa yayansa da ƙarfi, sauran tsofaffin suka ɗaga hannu tare da shi.