Jinyar Kaka a Kara

Wata Laraba ce, a farkon daminar da na shiga aji biyar. Muna tsakar gidanmu a Kara muna ɓarar gyaɗar iri, sai ga Baba ya shigo, wata doguwar mace mai farar riga da 'yar jaka tana biye da shi. Ya ce wannan ita ce Sista Rahila daga ƙaramin asibiti, 'yar kudancin Kaduna, matar wani malaminmu na firamare. Ta zo duba Kaka ne.

Kaka mahaifiyar Baba ce, kuma ta daɗe a kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye. Jinyarta ta gida ce kacokan. Inna, mahaifiyata, ita ke yi mata wanka da sauya shimfiɗa, Goggo Asabe na dama kunun tsamiya, ni kuwa nawa in ba ta a baki kafin in wuce makaranta. In na dawo, a ƙofar ɗakinta muke carafke da ƙawayena don in ji kiranta. Duk da haka sai gyambo ya buɗe mata a ƙugu. An shafa man shanu, an barbaɗa garin bagaruwa, sai ƙara zurfi yake yi, har zazzaɓi ya fara kama ta.

Inna ba ta ji daɗin zuwan ba. Ta amsa gaisuwa, ta kawo ruwa, amma na ji tana ce wa Goggo, "Yanzu sai a ce gida cike da mata an rasa mai jinyar tsohuwa." Kaka ma ta kawar da kai, ta ce wadda ba jininta ba ba za ta ga tsiraicinta ba.

Sista ba ta yi musu ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta juya wa ɗakin baya, ta ce Inna ta kwatanta mata ciwon, faɗinsa da launinsa. Daga nan take faɗa, Inna na yi: a wanke da dafaffen ruwa mai gishiri, a rufe da bandeji, a riƙa juya tsohuwa bayan kowace sallah da tsakaninsu, a tokare ta da filo. Haka aka yi zuwan farko da na biyu. A na uku, Inna na cikin cewa wurin ya yi kamar ja kamar fari, sai Kaka ta ɗaga murya: "Ke 'yar nan, shigo ki gani da idonki, kada su kashe ni da kwatance."

Tun daga ranar aiki ya rabu ba tare da an zauna an raba ba. Gyambo, awon jini da magani na Sista ne. Wanka, abinci da hira namu ne. Kafin a yanke gero ciwon ya rufe. Inna da kanta ta riƙa ajiye wa Sista ƙwan zabi. Kaka ta ƙara damina biyu, ta cika a ɗakinta, muna kewaye da ita.

Yau Inna ce a kwance, a Kabo, gidan ƙanena. Shi yana kasuwa, matarsa na koyarwa, ni ina aure a Kano, yara kuwa suna makaranta har la'asar. Mun ɗauki mai jinya da ke wuni da ita, kuma ba mu da abin cewa: jikin Inna tsaf, magani ba ya wuce lokaci. Sai dai gidan shiru. Ran Asabar da na je, ina matsa mata ƙafa na tambaye ta ko yarinyar na kyautata mata. Ta kira sunana, ta ce, "Binta, ai yarinyar tana da kirki. Amma in na ba ta labari, ba ta san ko ɗaya cikin mutanen ba."

Wannan kam babu wanda za mu ɗauka ya yi mana.