Wayar Malam Shitu

Awaisu ya daɗe yana gyaran waya a bakin tashar Funtua, cikin wata rumfa da ba ta ɗaukar mutum uku. A aji uku na sakandare ya ajiye karatu, ƙanwarsa Raudatu kuwa ta wuce Zariya karatun kimiyya. Kowa ya san yana da hannu. Mutum ɗaya ne bai taɓa tambayarsa abin da ke cikin waya ba: mahaifinsa, Malam Shitu, manomin auduga a Tsiga. Abin yana cin Awaisu, ko da yake ba ya faɗa.

Da hutun sallah tsohon ya tambayi Raudatu a kan me take bincike ne haka. Ta ce a cikin sikirin waya akwai wani ruwa-ruwa mai ƙwayoyi dogaye da ido ba ya gani. Ana shimfiɗa masa roba siririya, a goge ta da ƙyallen karammiski ta fuska ɗaya, sai ƙwayoyin su kwanta a jere bin gugar, kamar yadda ruwa ke bin kwarin kunya. In babu gugar, kowace ta kama gabanta, hoto ba zai fito ba.

Malam Shitu ya washe baki. Da ya ji wani ƙyallen ma na auduga ne, ai shi ke nan, har a majalisa sai da ya ba da labari. Awaisu, wanda ya canja sikirin da ba ya ƙirguwa, yana gefe kishi na dafa shi.

Bayan Raudatu ta koma Zariya, wayar tsohon ta faɗi a gona, rabin fuskarta ya yi baƙi. Awaisu ya jira a miƙo masa. Ba a miƙo ba, shi ma girman kai ya hana shi tambaya. Haka tsohon ya yi ta lalube har Raudatu ta sake zuwa, ya damƙa mata.

Ita kuwa kai tsaye ta nufi rumfar yayanta, ya canja sikirin kafin ta gama shan kunun aya. Da ta mayar, ta gaya wa Baba aikin Yaya Awaisu ne. Tsohon ya ɗauka kawaici ne irin na 'ya mai tarbiyya.

Da yamma ya kira Awaisu, ya ɗaga masa wayar tana haske.

"Ka ga aikin masu ilimi? Kafin ta koma, ka zauna ta nuna maka."

"To, Baba," in ji Awaisu.