Ranar da Dattawan Plumstead Suka Yi wa Turawa Intabiyu

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Yaya Bala makwancinsa, amma har yau in na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na ga kowa ya sunkuyar da kai kan waya, sai in ji kamar yana gefena yana cewa ashe Turawa sun koyi kunya, sai dai a makare.

Yaya Bala ɗan kawuna ne, taubashina. Da na zo ƙasar Turawa, shi ya sauke ni a flat ɗinsa na unguwar Barking, ɗakin da in ka yi miƙa sai ka taɓa maƙwabta. A ƙarshen shekarun tamanin yana aiki a council, wato ƙaramar hukumar unguwa, cikin kwamitin da aka ɗora wa tsara yadda za a daina nuna wa baƙar fata bambanci wajen ɗaukar aiki. Ni kuwa na gama karatu ina neman aiki a can. Na yi intabiyu har kujerun wurin suka fara gaishe ni. Tsohuwa ta aiko daga Kano cewa in aka sake rashin dacewa in tattaro in dawo gida, alhali na riga na shaƙu da garin, har da ruwansa da ba ya gajiya.

Da Yaya ya bincika, sai aka ce masa amsoshina ba laifi, amma ba na kallon mutane cikin ido, alamar ina ɓoye wani abu. Ni da aka raina da ranƙwashi in na ɗaga ido na kalli babba! Sai na fara atisaye a jirgin layin District, ina ƙura wa fasinjoji ido. Wani ƙato mai wuya kamar turmi ya tambaye ni ko rigima nake nema. Na sauka tun kafin tashata, na ƙarasa gida da ƙafa.

Yaya ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce, "Ɗan Gwaggo, bar wahalar da idonka. Ba kai ne ka karkace ba, ma'aunin nasu ne."

Ya kai maganar kwamiti, aka ce an ji, aka koma kan manyan kalmomi. Sai ya gayyaci shugabar, wata doguwar Baturiya, da abokan aikinta cin tuwo ranar Lahadi a gidan Alhaji Mudi na Plumstead, inda dattawanmu ke haɗuwa. Bayan an wanke hannu, ya roƙi dattawan su yi wa baƙin tambayoyi kamar masu neman aiki a wurinsu. Baƙin suka gyara zama, suka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, suka zuba wa Alhaji ido kamar yadda aka koya musu tun suna yara. Da aka gama, Yaya ya tambayi Alhaji wa zai ɗauka.

Alhaji ya nuna wani saurayi a cikinsu ya ce, "Bala, sun ci tuwo, ba zan zage su ba. Amma yaron nan tun da ya zauna yake zare mini ido kamar zai haɗiye ni. Ko akuya ba zan ba shi kiwo ba."

Yaya ya fassara bai rage ko kalma ɗaya ba. Saurayin nan shi ne ya kayar da ni a intabiyun ƙarshe, fuskarsa ta koma kamar tattasai. Shugabar ta yi dariya, daga baya ta tambaya mutum nawa ke nan suka kora a haka.

Tsarin da suka fitar ya kai kaurin matashin kai, amma na Yaya a ciki jimla ɗaya ce: a auna amsar mutum, a bar idonsa inda tarbiyyarsa ta ajiye shi. Da na koma intabiyu, teburin na kalla daga farko har ƙarshe, kuma aka ɗauke ni. Tsohuwa ta ce to, in zauna, amma in riƙa salla.

Ina yawan tunanin me zai ce da yau. Yanzu na'ura ce ke tace masu neman aiki kafin wani ya ga fuskarsu, kuma har yanzu mai suna Muhammadu yakan jira kira ya fi mai suna John daɗewa. Na san zai kwana yana lissafin yadda ake gayyatar kwamfuta cin tuwo. 'Ya'yanmu kuwa cikin ido suke kallonmu, mu yi musu Hausa su mayar da Turanci.

Kwamitin an daɗe da rushe shi, tsarin an sake rubuta shi har ban gane shi. Amma yanzu ni ma ina cikin masu yin intabiyu. Kwanan baya wata yarinya 'yar Somaliya ta shigo ta sunkuyar da kai. Na saci kallon Baturen da ke gefena, yaro ne da ba a haifa ba lokacin tuwon Plumstead, bai taɓa jin sunan Bala ba. Sai na ga ya ajiye biro, ya karkato kunne yana saurarenta. Ranar Litinin ta fara aiki.

Allah ya jiƙan Yaya Bala, ya sa ya huta.